Ɗakin Katakon da Aka Ce An Kama

Ni dai tun farko ban yarda da tafiyar nan ba, kuma ban ɓoye ba. Zafin Riyadh ya kai inda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Makarantu sun rufe, maƙwabtanmu na unguwar Suwaidi kowa ya kwashi iyalinsa, wasu sun tafi gida Najeriya, wasu sun hau duwatsu shan iska. Mu kuwa muna zaune a bene, esi yana gurnani tun safe, yara biyu suna zaga falo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, mun daɗe a garin har yaranmu sun fi mu Larabci nesa ba kusa ba. Wata rana muna cin abinci sai ya ajiye cokali ya ce bana kam sai mun fita, ko Ɗa'ifa ce mu je, mu kama ɗakin katako irin wanda suke kira kukh, mu yi 'yan kwanaki a kan dutse, daga nan mu gangara mu yi Umara.

Ƙaramar ta daka tsalle ta rungume shi. Babbar kuwa sai ta ɗago kai ta dube ni, don ta san a gidan nan ba a bakin ubanta maganar tafiya take ƙarewa ba.

'Yar fari ce, ba na kama sunanta, Yaya nake ce mata yadda ƙanwarta take kiranta. A shekarar tana da sha biyar, kuma tana da sikila. Yanzu na rubuta shi kai tsaye, amma a lokacin ba ya fita daga bakina. A wajenmu ba abin yayatawa ba ne, balle ga 'ya mace, mutane suna da dogon baki kuma ba sa mantuwa. Duk faɗin Riyadh daga likitanta sai shugabar makarantarsu suka sani. Shi kuwa dutse ga mai sikila ba wurin wasa ba ne. Iska tana ƙaranci a can sama, sanyi yana shiga ƙashi, ciwon yana iya tashi ba sallama. Na sha ganin yaran da aka dawo da su daga hutu a kwance, don haka da aka ce dutse abin da na hango ke nan, ba furanni ba.

Na ce sai abin da likita ya faɗa. Muka je, ina ta yi masa ido, shi kuwa bawan Allah ya yi kamar bai gani ba. Ya ce jininta ya daɗe bai yi ƙasa ba, za ta iya zuwa. Amma kada a hau can ƙololuwa, a zauna kusa da gari, asibiti ya zama kusa, ɗaki ya zama da abin ɗumama shi, ruwa kuma ta sha har ya ishe ta. Na fito ina jin haushinsa, wallahi, don so na yi ya ce a'a in huta, laifin ya zama nasa.

Daga ranar aka shiga neman ɗaki. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da su ukun sun haɗa kai a kan waya. Yaya ce ta fi kowa zaƙuwa. Ashe ta daɗe tana tara hotunan irin ɗakunan nan, mai rufin da ya tsuke sama, mai baranda, mai murhun itace. Ƙawayenta na makaranta duk sun je sun dawo suna ba ta labari, ita kuwa ba ta taɓa kwana a wani wuri ba in ba gida ko asibiti ba. Sai ta turo mini hoto ta ce, "Yumma, dubi wannan." Yumma suke ce mini, irin na yaran Saudiyya, na yi faɗan har na gaji.

Ni kuwa ba hoton da ya burge ni. Wanda ya ɗauki hoton ɗaki daga kusurwa, na san ɗakin bai fi akurki ba. Wanda ya cika shafi da hoton gajimare da fure, na san banɗakinsa ne ba ya nunuwa. Akwai wani da na gane gajimarensa a shafin wani mai ɗakin daban, gajimare ɗaya sak, har da ɗan wutsiyarsa. Masu yabo a ƙasa kuma duk bakinsu ɗaya, kai ka ce 'ya'yan mai ɗakin ne suka zauna suka rubuta. In an ce kusa da gari, sai in buɗe taswira in ga hanya ta nannaɗe kamar hanji.

Maigidan ya ce, "Ke ko gidan sarki aka nuna miki sai kin tambayi ina asibiti."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Malam. Kai da za ka kwanta ka yi minshari, ina ruwanka?"

To ga inda matsala take. Waɗannan ɗakunan sai an kira mai su an ji ta bakinsa, ni kuwa Larabcina na ɗakin marasa lafiya ne: ina ke ciwo, buɗe baki, kada ka motsa. Na maigidan na wajen gini ne, rabi Larabci rabi yaren leburori, in yana yi yara sai su ɓoye fuska suna dariya. Mutanen dutse kuma maganarsu a guje take, suna haɗiye rabin kalma. Na gwada sau ɗaya, mutumin ya yi ta zuba, ban kama komai ba sai sallamar. Dole Yaya ta zama tafinta. Ni ke ba ta tambayoyi, ita ta kira, ta juyo mana da amsa. Akwai hita mai ɗumama ɗaki? Ruwan zafi yana zuwa kullum ko sai ya ga dama? Mota tana kaiwa bakin ƙofa? Hazo yana rufe hanya? Ina asibiti mafi kusa?

Tun a nan na soma sa mata ido. Yarinyar da take son tafiya kamar ranta, an ba ta waya an ce ta faɗi abin da aka ce, ai ko ni ce sai na ɗan gyara. In mutum ya yi magana mai tsawo ta ce mini, "Ya ce kusa ne," sai in ce, "Duk wannan zubar kusa ne kawai? Me ya ce bayan nan?" Sai ta juya ido ta ce, "Yumma, gaisuwa ce, wallah." Amma gaskiya ban kama ta da komai ba. Waɗanda suke can sama ita da bakinta take cewa mai ɗakin ya ce da sanyi sosai, mu tsallake.

Sai ga shi mun dace da wani. Ƙarami ne, ɗakuna biyu da ɗan falo, duka katako, a cikin gonar wani dattijo a gefen gari. Hotunan ba su da kyau sam, an ɗauke su a karkace, har da bokitin shara a gefe, abin da ya sa na yarda da su ke nan. Akwai hita a kowane ɗaki. Na buɗe taswira na ga asibiti a miƙe, titi shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara. Na juya shi sama da ƙasa ina neman aibu ban samu ba. Na ce, "To, wannan kam." Maigidan ya ɗaga hannu sama ya ce Allahu Akbar, yau an ga abin mamaki. Yaya ta riƙe wayar tana murmushi, idonta a kan barandar.

Ta kira a gabanmu. Na ji ta gaishe shi, na ji tana jero tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Can sai ta miƙe, tana magana tana tafiya, ta shige kicin ta tura ƙofa. Na kasa kunne. Muryarta ta yi ƙasa, sai dai in ji tana cewa ya ammi, ya ammi, wato baffa. Ta daɗe. Har shayin da ke hannuna ya huce.

Da ta fito ta ajiye wayar a kan kujera ta ce, "Mahjuz. An kama."

Na ce, "An kama?"

"An kama duk watan."

"Shi ne kika shiga kicin kika rufe ƙofa? Duk wannan hirar a kan an kama?"

Ta ce tsoho ne mai surutu, labarin gonarsa yake ba ta, kuma ƙarar talabijin ce ta hana ta ji. Talabijin ɗin kuwa a kashe yake. Na buɗe baki zan faɗa, maigidan ya taɓa ƙafata da tasa. Na fasa, amma na sha jinin jikina.

Washegari sai ta zo da wani sabo. Tabɗi! Gini ne na bulo da siminti, fari fat, ɗakuna a jere kowane da ƙofarsa da banɗakinsa, ba baranda, ba itace ko ɗaya. In ba an faɗa maka ba sai ka ce gidanmu na Suwaidi aka ɗauka aka dasa a gindin dutse. Ya kuma fi wancan nisa da asibiti. Ta dage a kansa, wai ya fi tsafta, wai ya fi faɗi, wai katako yana tara ƙwari. Yarinyar da ta ishe mu da waƙar katako! Ƙanwarta ta fashe da kuka ta ce ita kukh aka ce mata, Yaya ta daka mata tsawa da Larabci.

Na koma shafin dattijon na ga kwanakin duk a buɗe. Na nuna mata. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce ai tsofaffi ba sa sabunta shafi. Kai, yarinyar nan ta iya tsayar da fuska, ban san inda ta gado ba.

Ba irin zargin da ban yi ba a kwanakin nan. Na ce ko wata ƙawarta ce za ta sauka kusa da ginin bulon, sun shirya yawo a bayan idona. Na ce ko so take a yi nesa da asibiti don kada in riƙa yi mata barazana da shi. Har na kai ga abin da kowace uwa take kaiwa, na ce ko wani ɗan banza ne yake hure mata kunne a waya, shi ya sa take son ɗaki mai ƙofar kansa. Na ɗauki wayarta tana wanka, duk Larabcin yaran zamani ne a gutsuttsure, ban karu da komai ba sai kunyar kaina. Na tsare ƙanwarta da alawa, ta cinye ta ce ba ta sani ba. Maigidan ma bai tsira ba. Na ce masa, "Malam, ko da kai aka haɗa baki?" Ya ce, "Ni? Ni da ko gaisuwar mutumin ban fahimta ba?" Ya ce in bar yarinya ta sarara, ɗaki dai ɗaki ne, in ta fi son bulo a kama bulo.

Jikinta ma na bincika, don a nan tsorona yake. Tana wucewa sai in jawo ta in buɗe idonta in duba ko ya yi rawaya, in juya tafin hannu, in latsa farce. Lafiya ƙalau. Tana ci, tana dariya, tana tsokanar ƙanwarta. Ta ce, "Yumma, khalas, ya isa, ni ba mara lafiyarki ba ce." Na sake ta, amma hankalina bai kwanta ba.

A wajen aiki akwai wata abokiyar aikina, 'yar ƙasa, danginta mutanen duwatsun nan ne. Mun daɗe muna aiki a ɗaki ɗaya, tana son kilishi, ina son ƙahawarta. Ranar da maigidan ya ce gobe zai kama ginin bulon ko na yarda ko ban yarda ba, na same ta a ɗakin hutu bayan azahar. Na ce ta taimaka ta kira mini wani mai ɗaki ta tambaye shi ko akwai wuri, shi ke nan. Ban gaya mata dalili ba. Ta sa wayar a fili yadda zan ji, ta ajiye a kan tebur tsakanin kofuna.

Muryar dattijon ta fito, mai kauri, a natse. Suka gaisa, suka gano ma garuruwansu suna maƙwabtaka, suka sake sabuwar gaisuwa. Ni ina zaune ina kaɗa ƙafa. Ta tambaye shi, ta juyo ta ce mini da Turanci akwai wuri, ba wanda ya kama. Na yi ƙwafa. Na ce a raina, Yaya, yau za ki gaya mini.

Sai ta ce masa iyali ne daga Riyadh, 'yan Najeriya, 'yarsu ta kira kwanakin baya. Dattijon ya yi wata irin amsawa, ya shiga magana ba tsayawa. A cikin maganar na ji kalmar da ko a mafarki na san ta, sunan sikila da Larabci. Abokiyar aikina ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da ido kan wayar. Duk zaman da muka yi da ita ban taɓa gaya mata ba, yau ga wani tsoho a kan dutse yana faɗa mata a bainar kofunan shayi.

Na ce, "Me yake cewa? Faɗa mini duka, kada ki rage."

Ta ce masa ga uwar nan tana ji. Dattijon ya ci gaba a hankali, tana juya mini. Ya ce yarinyar ta yi masa tambayoyi masu hankali, hita, ruwa, hanya, duk ya amsa. Daga baya ta rage murya ta gaya masa ciwonta, ta ce tana da tambaya ɗaya tata ta kanta, kuma ya gaya mata gaskiya don Allah. Bangon da ke tsakanin ɗakunan nan biyu, ana jin motsin mutum ta cikinsa?

Ya ce shi kuwa bai iya ƙarya ba. Ya gaya mata falanki ne kawai, wanda ya yi atishawa a wannan ɗaki, na wancan ɗakin ne yake yi masa addu'a. Sai ta ce to ba zai yi ba. Ya tambaye ta dalili, ta ce wani lokaci ciwon yana zuwa mata, ba ta iya yin shiru gaba ɗaya. A gida bangon siminti ne, ga ƙarar esi, ba wanda yake ji. Ba ta son ta ɓata wa mutanen gidansu hutu.

Dattijon ya ce tun ranar maganar take damunsa, har ya gaya wa matarsa. Ya so ya sake kira, amma lambar ta yarinyar ce, bai san yadda zai kai ga uwar ba.

Ban san lokacin da aka kashe wayar ba. Abokiyar aikina ba ta tambaye ni komai ba, ta zuba mini ƙahawa ta tura gabana, ta ce in zauna za ta duba mini marasa lafiyata. Na zauna. Kunya, da fushi, da tsoro, duk suka taru a kaina. Ni da nake gane ciwo a fuskar ɗan wani tun daga bakin ƙofa, tawa tana murƙususu a ɗakin da ke jikin nawa ban sani ba. Na yi kuka a wajen, ba na ɓoyewa.

Da na koma gida bayan la'asar na ce wa maigidan ya ɗauki ƙaramar su je su sayo burodi, kuma kada su yi sauri. Ya dubi fuskata bai yi musu ba. Yaya tana kicin tana wanke shinkafa. Na tsaya a bakin ƙofa ko jakata ban ajiye ba.

Na ce, "Na yi magana da baffanki na kan dutse."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan. Ba ta juyo ba.

"Tun yaushe?"

Ta ci gaba da wanke shinkafarta.

"Da ke nake! Tun yaushe kike ciwo a gidan nan kina rufe mini ƙofa?"

Ta ce tun bayan kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti. Ba kullum ba. Ƙafa ne ko baya, wani lokaci hannu. Tana shan maganinta, tana shan ruwa, ta goge tawul da dutsen guga ya yi zafi ta ɗora a wajen. Ashe shi ya sa dutsen guga ya tare a ɗakinta, ni ina ta yaba mata a gaban ƙanwarta wai ta iya gyaran kaya.

Na hau ta da faɗa, ba zan yi ƙarya ba. Na ce kin san abin da ciwon nan yake yi? Kin san wanda yake farawa a ƙafa ya hau ƙirji? Kashe ni kike son yi? Ni ce uwarki, kuma aikina ke nan, amma sai tsohon da bai taɓa ganinki ba kika ga ya dace ki gaya wa?

Ta juyo, ruwan shinkafa yana ɗiga daga yatsunta. Hausarta tana guje mata in ranta ya ɓaci, sai ta riƙa tsintowa ɗaya ɗaya. Ta ce, "Yumma, na san babba, na san ƙarami. Jikina ne. In babba ne zan faɗa, wallah zan faɗa. Amma ke a wajenki babu ƙarami. Na ce wash, kin ɗauko jaka. Abba ba zai je aiki ba, a kai ƙanwata gidan mutane, ke ki daina cin abinci. Kowa ya daina dariya saboda ni. In kika ji ni a can sau ɗaya, a ranar za mu dawo, kuma ba za mu sake zuwa ko'ina ba har abada. Ƙanwata ba ta yi laifin komai ba, ita ma ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."

Ba ƙarya a cikin maganarta. Na ajiye jakata a ƙasa na zauna a kan kujerar kicin.

Na ce, "Amma kina son na katakon?"

Sai a nan fuskar ta karye. Ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba, ta ce tana son sa sosai.

Mun daɗe a kicin ɗin muna ja-in-ja kamar masu ciniki a kasuwar Batha. Na ce ba sauran ɓoyo, ƙarami ko babba sai na sani. Ta ce ta yarda, amma in ta ce ƙarami ne ba jaka, ba mota, ba tashin kowa. Na ce sai dai in da zazzaɓi, ko ƙirji, ko numfashi, a nan ba shawara. Ta ce ta yarda. Na ce kuma zan shigo in duba. Ta ce a'a, sai ta kira ni. Wannan ne ya fi yi mini wuya, amma na ce to. Na ƙara da cewa kafin a je ko'ina sai mun koma wajen likita ta maimaita masa duk abin da ta faɗa mini.

Muka koma. Likitan ya fitar da ni waje ya yi magana da ita ita kaɗai, abin da ya ƙona mini rai, sannan ya auna ta, ya gyara mata magani, ya ce a je. Da muka dawo na miƙa mata wayar na ce ta kira dattijon a gabana, a falo, kuma ba shiga kicin. Ta kira ta kama.

Ɗakin ya fi hotonsa kyau, abin da ban taɓa gani ba. Dattijon ya tarye mu da kwandon 'ya'yan itace daga gonarsa, ya dubi Yaya ya dubi ni, bai ɗaga maganar ba. Bangon kuwa yadda ya faɗa ne. Ana jin ƙarar zip ɗin jaka, ana jin raɗa, maigidan ya yi minshari yara suka yi ta ƙyalƙyala daga wancan ɗaki. Yaya ta zauna a baranda da bargo da gorar ruwa tana kallon hazo yana taso wa gonar, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ana nan sai wata rana aka yi ruwan sama da hantsi, gari ya ɗauki sanyi. Bayan azahar maigidan ya fita da ƙaramar kallon birai a bakin hanya. Yaya ta ce za ta ɗan kwanta. Na taɓa goshinta ba zafi, numfashi daidai, na ƙyale ta. Ina ɗakinmu ina ninke kaya sai na ji shi ta cikin katako. Ba kuka ba ne. Wani ɗan nishi ne a hankali, a jere, irin na wanda ya cusa baki a matashi. Sautin da bangon gidanmu ya daɗe yana cinyewa ke nan.

Na miƙe. Ƙafata ta kai ni bakin ƙofa, hannuna ya kai ga mariƙin. Jakar magani tana nan a kan kujera, makullin ɗakin yana jiki, asibiti ga shi nan ƙasa. Duk jikina yana cewa shiga. Amma sai na saki ƙofar. Na koma na zauna a ƙasa, na jingina bayana da bangon, daidai inda gadonta yake, ina sauraron kowane numfashi.

Nishin ya ci gaba, ya lafa, ya dawo. Can sai ya tsaya.

Ta ce, "Yumma?"

Na ce, "Na'am."

"Ƙarami ne."

"To."

Na ji gadon ya motsa, na ji ta matso jikin katakon.

"Kina ji na?"

Na ce, "Ina jin ki."

Ta ce, "To ki zauna a nan."

Na zauna.